Zauren Tambaya Da Amsa: In Talakawa Ne Suka Fi Yawa, Me Ya Sa Mai Kuɗi Ke Cin Zaɓe?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato tazarar da ke tsakanin mai shi da mara shi, da yadda maganar take ɓacewa ɓat da zarar an buga gangar siyasa. Na tsinci biyar, na ɗan rage tsawon wasu, masu su su yi min afuwa.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan adaidaita ne, Kurna zuwa Bata nake yi. Wallahi tun safe har dare hirar da ake yi a bayana guda ɗaya ce, rayuwa ta yi tsada, manya sun cinye ƙasa, 'ya'yansu na karatu a waje namu na zaune a ƙasa a aji, kowa ranshi a ɓace kaman gobe za a yi juyin juya hali, amma ranar zaɓe sai ka ga mutanen nan dai su ne a layin wanda suka gama zagi jiya. To wai ba mu talakawa ne muka fi yawa ba? Mai yasa ba ma taɓa cin zaɓe?
Daga ɗan adaidaita, Kurna, Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya ya kawo fasinja. Maganar yawa kam ba gardama, mu muka fi yawa nesa ba kusa ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, a rahoton da ta fitar a Nuwamban 2022 ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talaucin da ba na aljihu kaɗai ba, har da rashin asibiti da makaranta da ruwan sha da muhalli, kuma miliyan 86 daga cikinsu nan Arewa suke. To amma yawa a titi daban, yawa a akwati daban. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, wanda ya ci kuma da ƙuri'a miliyan 8 da dubu ɗari bakwai da ɗoriya ya ci. Ka ga kenan da yawan fasinjojin naka masu kumfar baki ranar a gida suka wuni.

Waɗanda suka fito ɗin ma, an riga an gama dafa abincin kafin su zo, su dai ɗauka ne nasu. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake dubu 30. Yi lissafi da kanka, ma'aikacin da ke ɗaukar dubu 30 sai ya yi shekara 277 yana tarawa bai ci bai sha ba kafin ya sayi fom ɗin miliyan 100, fom kawai fa, ba a zo maganar deliget ba, ba a zo fosta da motocin kamfen da 'yan jagaliya ba. Sannan ka duba abin da ya fi dukan talaka a 'yan shekarun nan, cire tallafin mai. Manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Peter Obi, dukkansu sun faɗa tun a kamfen cewa za su cire. Wato kai da kake sayen mai kullum, a kan abin da ya fi shafar tukunyarka, duk wanda ka dangwala wa cikin ukun nan amsa ɗaya ce. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Kai ka fi ni sanin wannan.

Amma ni abin da nake so ka yi, gobe in sun fara hirar ka ƙara kasa kunne da kyau. Za ka ji ba wai don mutumin yana da kuɗi suke zaginsa ba. Cewa suke ya ci shi kaɗai, marowaci ne, ya canza lamba, in ka je gidansa sai a ce yana Abuja. Mu a wajenmu laifin mai kuɗi rowa da wulaƙanci ne, ba tarawa ba, har ma wanda kowa ya san kuɗin gwamnati ya kwasa in dai hannunsa a sake yake sai ka ji ana cewa ai shi yana ci yana ba mutane.

Akwai wata safiya da na raka maƙwabcina gidan wani ɗan majalisa, ba sai na faɗi suna ba, matarsa ce za a yi wa aiki a asibiti. Ƙarfe bakwai muka isa amma mun tarar da benci uku a cike, wasu a tsugune jikin katanga, kusan kowa da takarda a hannu, wannan ta magani, wancan ta kuɗin makaranta, wani tsoho kuma katin ɗaurin auren 'yarsa ne ya naɗe a leda kar ya yi datti. Sai wajen sha ɗaya wani yaron gidan ya fito da ambulan yana kiran suna. Maƙwabcina ya samu dubu ashirin, aikin kuma ya haura dubu ɗari biyu, amma duk hanya addu'a yake zuba wa mutumin, har yau in ka taɓa honarabul a gabansa sai kun ɓata. Bai taɓa tambayar me ya sa asibitin gwamnati zai nemi dubu ɗari biyu a hannun mai gadi ba, kuma ni gaskiya na kasa ganin laifinsa, domin ranar da abin ya same shi ba manufar wata jam'iyya ce ta miƙo masa ambulan ba. Irinsa ne ke bin layin nan da kake gani, kuma ba wauta ba ce, lissafin wanda ba shi da kowa ne.

TAMBAYA: Malam, kakana ne ya ce in rubuto maka, shekarunsa 87, tsohon ɗan NEPU ne. Ya ce in faɗa maka ku yaran yanzu ba ku san siyasa ba, su sun yi ta ba don sisi ba, da kuɗinsu suke sayen katin jam'iyya, an ɗaure shi, an yi masa bulala, bai bari ba. Tambayarsa ita ce me ya hana a sake yin jam'iyyar talakawa irin ta Malam Aminu, ko zuciyar ce ta mutu?
Daga wani jika a madadin kakansa, Gwammaja, Kano

AMSA: Ka gaishe min da Baba, ka ce ina durƙusawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Baba, abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma ba wanda ya isa ya raina abin da kuka yi. Ranar 8 ga Agustan 1950 mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, takardar Sawaba da suka fitar kuma ba ta ɓoye-ɓoye ba, ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da En'e, wato hukumar mulkin sarakuna ta wancan zamani, da talakawa. A ƙasar da talaka ke cire takalmi ya faɗi ƙasa in hakimi zai wuce, faɗin wannan kaɗai jarumta ce. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, tana neman wa mata ƙuri'ar da matan Arewa ba su samu ba sai ƙarshe-ƙarshen shekarun 1970.

Amma Baba ka yi haƙuri in ɗan yi maka tsaurin ido. Ku a zamaninku azzalumin kuna ganinsa da ido, kun san sunansa, kun san ƙofar gidansa. Ga mai unguwa da dagaci na karɓar haraji, ga jangali a kan shanun Fulani, ga aikin tilas a gandun sarauta, ga ɗan doka da dogari, alƙali na En'e, gidan yari na En'e. In ɗan NEPU ya hau teburi a kasuwa ya ce za mu soke haraji, ba ya buƙatar dogon turanci, duk wanda aka taɓa shanyawa a rana saboda kuɗin haraji ya gane. Shi ya sa da PRP, jam'iyyar Malam Aminu da ta gaji NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, talaka ya ga abin da ƙuri'arsa ta saya masa a cikin aljihunsa. To yau fa? Abin da ke cinye kuɗin jikanka faɗuwar darajar naira ne da hauhawar farashi da bashin da aka ciwo da kasafin kuɗin da ba wanda ya karanta. Ƙofar gidan wa zai je ya tsaya? Kwanon shinkafa ya ninka, sai haushin ya ƙare a kan mai kantin unguwa, wanda shi ma talaka ne.

Sannan kar mu manta, duk da wannan sadaukarwa NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati a Jihar Arewa ba. A zaɓen 1951 ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne kuma En'e na da damar cusa nata mutanen a sama, kafin a kai ƙarshe an tace 'yan NEPU tas. A 1979 Malam Aminu kashi 10 cikin ɗari da 'yan kai ya samu a zaɓen shugaban ƙasa. Balarabe Musa ko kwamishinoni majalisar da NPN ta mamaye ba ta bari ya naɗa ba, ta tsige shi a Yunin 1981. PRP ɗin kanta ta dare biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, tun Malam na raye, kafin rasuwarsa a Afrilun 1983. Wato ko a lokacin da zuciyar take da rai ba a sha da daɗi ba.

Kuma ban yarda zuciyar ta mutu ba Baba. Dubi yadda talakawan Arewa suka bi marigayi Buhari tun 2003, ba ya raba ko sisi, su ne ma suke sayen kati suna tura masa gudummawa, suna kwana a rumfar zaɓe da kirarin a kasa a tsare a raka, har 2015 Kano kaɗai ta ba shi ƙuri'a miliyan 1 da dubu ɗari tara. Wannan ai haushin masu kuɗi ne ya fito a akwati. Sai dai bambancinsa da naku, ku abu kuka nema a soke, su kuma mutum suka nema, mai gaskiya, suka miƙa masa komai suka koma gida ba tare da an yi yarjejeniyar ga abin da za a yi wa talaka ɗaya biyu uku ba. Da shekara takwas ta ƙare buhun shinkafa ya fi ƙarfinsu, sai da yawa suka ce to in mai gaskiya ma haka ne, gara in karɓi taliyata. A ganina wannan karayar ta fi kowane kuɗi illa.

TAMBAYA: Malam ni malamar firamare ce. Abin da ke damuna shi ne duk sanda na yi maganar cewa ba daidai ba ne 'yan ajina su fi ɗari suna zaune a ƙasa alhali ciyaman ya sayi sabuwar jip, sai abokan aikina su ce in bar hassada, arziki da talauci duk na Allah ne. Har na fara shakkar kaina. Shin saɓo nake yi?
Daga wata malama, Funtuwa

AMSA: Malama ki kwantar da hankalinki. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma wannan a bayyane take. Gaskiya ne Alƙur'ani ya faɗa a Suratun Nahli cewa Allah ya fifita wasu a kan wasu a arziki, ba mai musun wannan. To amma Alƙur'anin nan dai shi ne a Suratul Hashri ya yi bayanin rabon dukiya ya ce don kada ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai, shi ne kuma ya ce a cikin dukiyar masu hali akwai haƙƙi na mai roƙo da wanda ya rasa. Haƙƙi fa aka ce, ba alfarma ba. Me ya sa kullum rabin farko ake karanta mana?

Hassada ita ce ki so ni'imar da Allah ya yi wa wani ta gushe. Ɗan kasuwar da ya yi fataucinsa a Kwari ko Dawanau ya samu, ki ji zafinsa, wannan hassada ce. Amma kuɗin benci da alli da rufin aji ba ni'imar ciyaman ba ce, amana ce a hannunsa, tambayar inda amana ta shiga kuma ba ta taɓa zama hassada ba. Abokan aikinki sun haɗa abu biyu ne wuri guda, kuma ba su kaɗai ba, wannan haɗin gambizar na daga cikin dalilan da suka sa ɗan takara ba ya jin tsoron maganar talauci a wajen kamfen. Ya san in ya gina masallaci ya raba shinkafa da azumi ya biya wa mutum biyar kujerar Makka, an rufe bakin kowa, wanda ya buɗe kuma a ce ɗan baƙin ciki ne. Shawarata ki daina cewa ciyaman ya sayi jip, nan ne suke samun ƙofar ce miki mai hassada. Ki riƙa cewa yara ɗari da kaza, benci kaza, rufi na yoyo tun damina kaza, ki kai wa kwamitin iyaye da malamai a rubuce. Da wuya a kira lissafin benci hassada.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibi ne. Mu a unguwarmu shawarar da muka yanke ita ce duk wanda ya kawo kuɗi mu karɓa tunda dama namu ne, in mun shiga mu zaɓi cancanta. Ya ka gani?
Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya

AMSA: Ƙanena wannan maganar ta fi daɗi a baki. Na farko dokar zaɓe mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ta ɗauke su, ka san da wannan. Na biyu, masu rabon nan ba yara ba ne, sun riga ku jin wannan dabarar. Shi ya sa ba sa biya sai sun gani, ejan na tsaye inda zai hango yadda ka naɗe takarda, ko a ce ka ɗauko hoto, abin da ya sa INEC ta hana shiga da waya wurin dangwale kenan, wasu wuraren kuma rantsuwa ake sa mata su yi kafin a miƙa musu atamfa. A 2023 da aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira mutane sun ɗauka sayen ƙuri'a ya mutu, sai ga taliya da sabulu da turmin zani da tiransifa. Kuma ko ka yi nasarar yaudararsa, shi a littafinsa ya rubuta cewa akwatinku na sayarwa ne, in ya ci ba ya jin kuna binsa bashin komai, ya biya tun a layi.

Ban ce ka zagi tsohuwar da ta karɓi taliya ba fa, wadda ta kwana ba ta ci ba ba a yi mata wa'azin cancanta. Amma kai da ka iya karatu, tun 2018 aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, kuma in ba takara za ka yi ba, ku da kuka iya haɗuwa kuka yanke shawarar karɓar kuɗi ai za ku iya haɗuwa ku rubuta abu biyu da unguwarku ke buƙata, ku ce wa duk mai son akwatinku ya zo ya faɗa a gaban jama'a ana ɗauka a waya.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa daga Nijar. Sawabar da muke ji a wajen iyayenmu ita ce taku ta Kano ko daban ce?
Daga wani mai karatu, Maraɗi

AMSA: Muna amsawa ɗan'uwa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Jam'iyyu biyu ne daban amma kalmar ɗaya ce, ciwon ma kusan ɗaya. A wajenmu Sawaba kirarin NEPU ne, a wajenku kuma sunan jam'iyyar Djibo Bakary ne, wanda ya zama magajin garin Yamai a 1956 ya kuma jagoranci gwamnatin cikin gida a 1957, ƙarfinsa kuma 'yan ƙwadago ne da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 ya ce a jefa a'a ga ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa, sai Faransawa suka taso shi gaba, sarakunan da suke tare da shi da yawa suka juya masa baya, aka kayar da shi, a 1959 aka haramta jam'iyyar gaba ɗaya. 'Yan Sawaba da dama da suka tsere nan Kano suka samu mafaka a wajen 'yan NEPU. In akwai sauran tsofaffin da suka ga wannan zamanin a gidanku, don Allah ka zauna da su ka ɗauki muryarsu ka turo mana, za mu ba shi shafi guda.

Mai tambaya daga Gusau a kan kuɗin ayyukan mazaɓa na 'yan majalisa, saƙonka ya iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.